Fashin baƙi: Da gaske shekara 54 ce iyakarmu? Tsufa, lafiya da abin da ya rage a hannun mutum

Duk lokacin da aka fitar da sabon rahoto kan tsawon rai a ƙasashen duniya, sai gardama ta kaure a Facebook da teburin mai shayi. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 sun ajiye Najeriya a kan kimanin shekara 54, can ƙasan jerin, kusa da Chadi. Nijar tana wajen 61, Japan kuwa ta haura 84. Wani ya karanta ya ce to, shi da ya cika 50 ai saura ƙiris. Wani ya ce ƙaryar Turawa ce, ga kakarsa can ta haura 90 tana tsinkar zogale da hannunta. Na uku ya kashe bakin kowa da cewa rai a hannun Allah yake, ba mai ƙara wa kansa ko daƙiƙa ɗaya.

Kowannensu ya kama wani gefe na gaskiya ya saki sauran. To me wannan adadi yake nufi? Kuma tunda ajali ba ya gaba ba ya baya, mene ne ya rage a hannun mutum game da tsufansa?

Abin da 54 ɗin take aunawa

Lissafi ne na matsakaici. Ana duba yadda mutuwa ke ɗaukar mutane a kowane rukunin shekaru a shekarar da ake magana, sannan a ce: idan jaririn da aka haifa yau ya rayu cikin irin wannan yanayi, shekara nawa zai samu? Ɗauki yara 10 da aka haifa rana ɗaya a unguwa ɗaya. Biyu suka rasu kafin a yaye su, takwas suka kai 70. In ka tara shekarunsu ka raba gida 10, amsar za ta faɗo wajen 56, alhali babu ko ɗaya a cikinsu da ya mutu yana da 56.

Mutuwar ƙananan yara ce ke janyo adadinmu ƙasa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa da rai a Najeriya, 132 ba sa kai shekara biyar. A Arewa maso Yamma adadin ya kai 187, wato kusan ɗaya cikin biyar. Binciken 2023 zuwa 2024 ya nuna an ɗan samu sauƙi, adadin ƙasa ya sauko 110. Sai ka ɗora mutuwar mata wajen haihuwa, haɗuran mota, da rashin tsaro mai cinye matasa. Wanda ya tsallake waɗannan ya kai 60, lissafin hukumomin duniya yana ba shi ƙarin shekara wajen 14 ko fiye. Saboda haka ɗan shekara 50 da ke ganin ya zo bakin gaɓa, mai yiwuwa akwai shekara 20 ko 25 a gabansa da bai yi musu tanadin komai ba.

Su kansu hukumomin bakinsu bai zo ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba Najeriya sama da shekara 60. Dalilin saɓanin a bayyane yake: ba ma rubuta mutuwa. Mutum ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwanci, babu takarda babu rajista. Rabon ƙasar da ƙidayar jama'a tun 2006. Kowa kintace yake yi da abin da ya samu.

Shi ma mai kafa hujja da kakarsa sai ya yi hattara. Yawancin tsofaffinmu da abin da ya faru suke lissafin shekaru: ina budurwa Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna, ina goyon wane aka yi farin 1973. Zuwan Sarauniya a 1956 ne, don haka wadda ke budurwa a lokacin yanzu tana tsakiyar shekaru 80, ko da jikoki na rantsuwa ta kai 110. Ba mu kaɗai ba ne. A 2010 hukumomin Japan sun gano sunayen mutum sama da 230,000 da takardu ke nuna sun haura shekara 100, amma aka neme su aka rasa. Mafi tsawon rai da aka tabbatar da takarda shi ne na wata Bafaransa, Jeanne Calment, wadda ta rasu a 1997 tana da 122. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya ce shekarun wannan al'umma tsakanin 60 ne zuwa 70, kaɗan ne ke wucewa. Zabura ta 90 ita ma ta ce 70, ko 80 ga mai ƙarfi.

Tsawon rai dabam, tsawon lafiya dabam

Masana lafiya suna da wani ma'auni na biyu wanda ba a cika yayata shi ba, kuma ni a ganina ya fi na farko amfani: shekarun da mutum zai yi cikin ƙoshin lafiya. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019, matsakaicin tsawon rai a duniya ya ɗan haura 73, na lafiya kuwa bai cika 64 ba. Tsakaninsu kusan shekara 10 ne na jinya, ko nakasa, ko dogaro da wani.

A nan ne zancen "rai a hannun Allah yake" ke bukatar a ƙarasa shi. Babu likitan kirki da zai ce maka zai ɗage ranar mutuwarka. Abin da yake cewa shi ne, mutum biyu za su iya rasuwa suna da 75, ɗaya ya kai kansa masallaci da ƙafarsa har makon ƙarshe, ɗayan ya yi shekara takwas a kwance ana juya shi ana kwashe masa. Na biyun sau da yawa hawan jini ne da ba a kula da shi ba ya kwantar da shi.

Addinin ma bai bar wannan giɓi ba. A hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, Annabi (SAW) ya umarci mutane su nemi magani, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, ban da guda ɗaya: tsufa. Tsufan aka keɓe. Cututtukan da ke rakiyarsa suna cikin waɗanda aka ce a nema musu magani. Kuskuren da muke yi shi ne mu tattara su duka mu zuba a buhu ɗaya mu ce ai jikin tsufa ne.

Wanne ne tsufa, wanne ne cuta?

Furfura, tamoji, raguwar sauri, bukatar tabarau don karatu, manta inda aka ajiye makulli sannan a tuna daga baya, duk waɗannan na shekaru ne. Amma akwai abubuwan da muke jingina wa tsufa alhali suna da suna, kuma suna da magani.

Babba a cikinsu hawan jini. Awon da ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama, a ranaku mabambanta, shi ake kira hawan jini. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum ɗaya cikin manya uku a duniya yana da shi, kusan rabinsu ba su sani ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta dace. Sharrinsa shi ne ba ya ciwo. Shekara da shekaru yana cin jijiyoyin jini, zuciya, ƙoda da ƙwaƙwalwa, mai shi yana harkokinsa.

Duk wanda ya taɓa zama a layin ganin likita ya ji irin wannan hirar. Likita ya cire abin awo daga damtsen dattijo, ya dube shi: "Baba, kuna shan maganin kuwa?" Dattijo ya ce, "Na sha, likita. Wancan watan da aka auna aka ce ya sauka, shi ne na bari. Ai an ce in mutum ya saba da shi ba ya rabuwa da shi." Ɗansa na tsaye a gefe yana gyaɗa kai, don shi ma haka ya ji. Gaskiyar ita ce maganin ne ya saukar da jinin, kuma ranar da aka bari zai koma inda yake. Wata uku bayan haka sai a wayi gari baki ya karkace, hannu da ƙafa sun saki, a ce iska ce ta buge shi a banɗaki. A yi kwana biyu ana hayaƙi da tofi kafin a tuna da asibiti, alhali a shanyewar ɓarin jiki sa'o'in farko su ne komai. Ba wanda ya hana addu'a, amma ana iya yin ta a cikin mota a kan hanyar asibiti.

Gishiri yana da hannu dumu-dumu. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada babba ya wuce giram biyar a rana, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, haɗe da wanda ke ɓoye a cikin abinci. A tukunyar miyarmu kuwa akwai gishiri, ga dunƙulen magi uku ko huɗu wanda kusan rabinsa gishiri ne, ga kanwa, ga yaji mai magi a gefen kwano. Sai shayi mai suga cokali huɗu da lemon kwalba a wajen biki, su kuma suna share wa ciwon suga hanya.

Na biyu, maganin ciwon jiki. Tsoho mai ciwon gwiwa ya aiki jika kemis ya ce a haɗo masa, a ƙullo ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, babu suna babu kwali. Galibi akwai irin su diclofenac ko ibuprofen a ciki, wani lokaci har da ƙwayoyin da ke sa kumburin fuska da tayar da suga. Shan su kullum yana jawo gyambon ciki, yana tayar da jini, yana kashe ƙoda. Wankin ƙoda kuwa, iyalin da suka taɓa shiga sun san ba gona ɗaya yake ci ba.

Na uku, ido da kunne. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano yanar ido ce kan gaba wajen makantar da manya a Najeriya, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar abin da za a iya kaucewa ne ko a magance. Aikin cire yana ba ya cin awa guda, ana yin sa a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, da wasu da dama. Amma sai ka tarar da tsohuwa ta shekara biyar a ɗaki ana ja mata sanda, an ce idon tsufa ne.

Sai zafi, wanda ba ma lissafa shi cikin masu kisa. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, wani kuma da gangan yake rage shan ruwa don gudun yawan fita fitsari. A farkon Afrilun 2024, lokacin da zafi ya haura digiri 48 a Kayes ta ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, da yawansu sun haura 60. Bazarar Sakkwato, Maiduguri ko Yamai ba ta da nisa da wannan. Ga wanda azumi ke yi wa barazana saboda tsufa ko ciwo, shari'a ta ba shi damar ciyarwa, kuma karɓar wannan sauƙi ba raunin imani ba ne.

Gigin tsufa da zargin maita

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa. Tsohuwa ta fara manta sunan 'ya'yanta, ta fita da dare ta ɓace, ta ce an sace mata kuɗi, ta yi hira da mijinta da ya rasu shekara 20. Wani lokaci har ta amsa laifin da ba ta yi ba, ta ce ita ta kama kurwar yaron maƙwabta. Wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne, wanda nau'insa mafi yawa shi ne cutar Alzheimer, kuma ba kowane tsoho ke yin sa ba. Inda jahilci ya haɗu da talauci, irin waɗannan mata ake kira mayu. A watan Yulin 2020 an kashe wata tsohuwa 'yar shekara 90, Akua Denteh, da duka a bainar jama'a a Kafaba da ke arewacin Ghana bisa zargin maita. Har yau akwai sansanonin matan da aka kora da irin wannan zargi a yankin, kamar na Gambaga. Mu ma nan ba sai an je da nisa ba kafin a ji labarin tsohuwar da yara ke jifa.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da shi. Amma kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya ce a 2024 kusan kashi 45 cikin 100 na masu kamuwa za a iya kare su ko a jinkirta musu, in aka magance abubuwa 14, ciki har da hawan jini, ciwon suga, shan taba, rashin motsa jiki, raunin ji, raunin gani da kaɗaici. Lura da na ƙarshen nan uku. Tsohon da kunnensa ya yi nauyi yakan daina zuwa majalisa saboda kunyar "me ka ce?", daga nan sai ɗaki, daga ɗaki sai ƙwaƙwalwa ta fara rufewa.

"Inna, kawo tsintsiyar, ki huta"

Ga inda nake ganin mun fi cutar da iyayenmu, kuma da kyakkyawar niyya. Ɗa ya samu buɗi, ya ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauye ya kawo ta birni. Ya ba ta ɗaki mai fanka da talabijin, ya ɗaukar mata 'yar aiki. Ta ɗauki tsintsiya, suruka ta karɓe: "Haba Inna, muna nan za ki yi shara?" Ta ce a ba ta wake ta tsince, a ce an riga an gyara. A can gida tana da awaki huɗu, tana da adashi, ita ake kira in haihuwa ta zo da gardama, ita ke sasanta ma'aurata. A nan ba wanda ke bukatarta da komai. Wata shida sai ƙafa ta ƙi, ta fara cewa a mai da ita gida, a ce rigimar tsufa ce.

Jiki yana da nasa hukuncin a kan wannan. Tun daga wajen shekara 30 tsoka ke fara raguwa, kimanin kashi uku zuwa takwas cikin 100 a kowace shekara 10, kuma abin yana ƙara sauri bayan 60. Zama wuri ɗaya yana ninka shi. Tsokar cinya ita ce ke tayar da mutum daga tabarma, ita ke riƙe shi in ya yi tuntuɓe. In ta tafi sai faɗuwa, in ƙugu ya karye kuwa tsofaffi da yawa ba sa sake tashi. Shi ya sa shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga masu 65 zuwa sama ba ta ce su huta ba. Ta ce minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da aikin ƙarfafa tsoka, da na daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku. Wannan ba ya bukatar kayan Turawa. Tafiya masallaci ko coci a ƙafa, ɗan noman bayan gida, kiwo, shara, tashi daga kujera a zauna sau 10 ba tare da dafa komai ba, duk sun shiga lissafi. Haka abinci: mun saba mayar da tsoho kan kunu da koko saboda haƙori, alhali jikinsa na neman wake, ƙwai, nono, kifi, awara da gyaɗa, ko da an dama ko an niƙa.

Zuciya ma tana da nata. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2019, kan mutum kusan 7,000 da suka haura 50, ya gano cewa waɗanda suka fi ƙarancin jin rayuwarsu na da manufa sun fi mutuwa cikin shekarun da aka bi su, fiye da ninki biyu na waɗanda suka fi jin haka. Binciken jami'ar Harvard da aka faro tun 1938, ana bin rayuwar mutane har tsufansu, ya nuna kyawun dangantaka da mutane yana cikin manyan abubuwan da ke hasashen lafiya a tsufa. A yi adalci: irin wannan bincike ba ya tabbatar da wanne ya haifi wanne, domin mai lafiya ya fi samun kuzarin yin wani abu tun farko. Kuma Amurkawa aka bincika. Amma hanyar a fili take. Wanda ya san ana jiransa gobe da safe zai sha maganinsa, zai yi wanka, zai fita, zai ci abinci a kan lokaci.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Lokacin da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru don ilmantar da matan karkara, manyan mata ta zaɓa ta naɗa su jajis, wato jagorori, ta ɗora musu malfa. Su ne ke da 'yancin tafiya gari zuwa gari, su ake jin maganarsu. Tsufansu shi ne takardar shaidar aikinsu. Yau ma ajin Islamiyyar manyan mata, inda mai shekara 65 ke koyon haɗa baƙi, yana yi wa lafiya aikin da ba a rubuta shi a katin asibiti.

Maza 'yan boko abin ya fi kayarwa. Ma'aikacin gwamnati yana ritaya a shekara 60 ko bayan shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Dokar 2022 ta ɗaga na malaman makaranta zuwa 65 ko shekara 40 na aiki, farfesoshi da alƙalan manyan kotuna kuwa wasu dokokin ne suka kai nasu 70. Wanda ya kama aiki yana da 22 zai ajiye yana da 57, da sauran ƙarfinsa. Jiya ana miƙe masa ana "ranka ya daɗe", yau wayarsa ta yi shiru. Ƙungiyoyin ƙwadago na neman a ɗaga shekarun ga kowa, matasa marasa aiki na cewa a tashi a ba su wuri, kuma kowane ɓangare na da hujja. Sai dai ƙarin shekara biyar jinkiri ne kawai ga wanda bai taɓa gina komai a wajen ofis ba. Gona, sana'a, koyarwa, kwamitin masallaci ko na unguwa, ba ranar da aka karɓi takardar sallama ake fara neman su ba.

Masu cewa wannan zancen masu hali ne

Suna da gaskiya babba. Ga manomin da ya haura 70 yana duƙe da fartanya don in bai yi ba ba a ci, ko tsohuwar da ke tallan ƙuli a tasha, matsalarsu ba rashin abin yi ba ce. Su hutun suke bukata. Sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba sa ƙarƙashin wata ma'aikata mai fansho. Tsarin fanshon adashi da aka kawo a 2004 aka gyara a 2014, inda ma'aikaci ke sa kashi takwas mai aiki ya sa kashi 10, ya tattara mutum wajen miliyan 10 ne a ƙasar da ta haura miliyan 200. An buɗe ƙaramin tsari na masu sana'ar hannu a 2019, amma kaɗan suka shiga. Masu fanshon ma, hauhawar farashin da ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024 ta cinye abin da suke karɓa. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita, duk da dokar inshorar lafiya ta 2022 da ta wajabta shiga. Ka ce wa irin wannan dattijo ya sha magani kullum har ƙarshen rayuwarsa, zai tambaye ka da wane kuɗi.

A takarda akwai tanadi. An sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, ta fara aiki a 2021. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar jinyar tsofaffi ta farko a ƙasar a 2012. Amma tsohon da ke ƙauyen Jigawa ko Zamfara bai san da zamansu ba, fanshonsa 'ya'yansa ne. Su kuma 'ya'yan sun watsu, wani Legas, wani Abuja, wani ya tsallaka Libiya. Gidan gandu da ke tara kowa ya rabu. Mukan yi alfahari cewa mu ba ma kai iyayenmu gidan tsofaffi kamar Turawa, kuma aya ta 23 a Suratul Isra'i ta hana ko da cewa "tir" gare su. Amma a yawancin gidaje jinyar shekara da shekaru a kan mace ɗaya take faɗawa, 'ya ko suruka, ba albashi ba hutu, sauran 'yan'uwa sai waya da "ya mai jiki?". In har za mu riƙe wannan alfahari, sai a raba kwana da kuɗi a tsakanin 'ya'ya maza da mata, a fili, da lissafi.

Abin da talauci bai hana ba shi ne mafi arha a cikin jerin: awon jini a asibitin unguwa ko kemis, rage gishiri, barin taba, tafiya a ƙafa, da ƙin ƙwayoyin leda. Tsofaffin magungunan hawan jini na gama-gari, duk da tsadar da suka yi, ba su kama ƙafar kuɗin jinyar shanyewar jiki na wata ɗaya ba.

Shirin tafiya

Muna yawan ambaton mutuwa a baki, mutuwa rigar kowa, amma mun fi kowa gudun shirya mata a aikace. Dattijo ya ce a kawo takarda zai yi wasiyya, 'ya'ya su ce, "Haba Baba, daina wannan fatan." Alhali hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari da Muslim ya ce bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba face wasiyyarsa na rubuce a wurinsa. Iyakarta sulusin dukiya, kamar yadda aka faɗa wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas, kuma ba a yi wa magaji. A cikin wannan sulusi ne mutum zai iya barin rijiya, ko aji a makaranta, ko wakafin shago don marayu, abin da zai ci gaba da gudana bayansa.

Kafin wasiyya ma akwai bashi, domin shi ake fara fitarwa kafin a raba gado. Wa kake bi, wa ke bin ka, amanar wa ke hannunka, gonar da ka karɓa jingina ta wace ce, filin da ka ba babban ɗanka kyauta ce ko aro? Da yawa daga cikin shari'un gado da ke raba zumunci a kotunanmu daga irin wannan shiru suke tasowa, abin da shafi biyu da shaidu biyu za su kashe.

Akwai kuma maganar da ta fi wuya: in ciwo ya kai inda likitoci suka ce ba warkewa, me mutum yake so? A ci gaba da yawo da shi asibiti zuwa asibiti ana sayar da kadara, ko a rage masa raɗaɗi a bar shi a ɗakinsa cikin iyalinsa? Kulawar sassauta raɗaɗi reshe ne na aikin likita mai zaman kansa, kuma neman ta ba yanke ƙauna ba ne. In mai jikin bai faɗi ra'ayinsa da bakinsa tun yana iyawa ba, 'ya'ya ne za su yi ta jayayya a barandar asibiti, kowa na tsoron a ce shi ya gaji da Baba.

Zamani ya ƙaro nasa. Kuɗi yanzu suna cikin waya da asusun banki da iyali ba su san da su ba. Mutane da yawa sun ɗauka wanda suka rubuta a fom ɗin banki a matsayin makusanci shi zai je ya kwashi kuɗin. Ba haka doka take ba: shi wanda za a tuntuɓa ne kawai, banki ko kamfanin fansho ba zai saki ko kwabo ba sai an kawo takardar mutuwa da takardar izinin kula da gado daga kotu. Asusun da ba wanda ya san da shi kuwa, in ya shekara 10 ba a taɓa shi ba, ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta 2024 ta ce a mayar da kuɗin wani asusu na musamman a hannunsa, su zauna can har ranar da magada suka zo nema da hujja.